KUNYAR DABINO

Shafi na 31

Daga alƙalamin Sakina Sha'aibu, ƴar mutan Sifawa

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Na ga saƙonninku, har da na mai cewa in na ƙara kwana ban saki shafi ba za ta zo Sifawa ta zauna mini a ƙofar ɗaki. Ki zo, akwai wanke-wanke. Waɗanda suka shigo yau kuma, ga inda muke: Dakta Abdulrazak Tukur Bodinga yana neman jam'iyyarsu ta tsayar da shi takarar shugaban ƙasa. Wani ya kai ƙorafi cewa shi ba haifaffen ɗan ƙasa ba ne. Kwamitin tantancewa ya ba shi kwana uku ya kawo rantsuwar mahaifiyarsa daga kotu, kwana ɗaya kuma ya tafi a hanya. To, bismillah.

*

Barci ne ya sace shi a gindin dabinon, yana zaune bisa tabarma da takardun kotu a cinyarsa. Ruwan da aka yi da asuba ya bar Bodinga da sanyi-sanyi, ƙasa na ƙamshi, hantsi ya fito a kasalance. Mutumin da ya yi wata biyu bai runtsa da kyau ba a Abuja, yana jingina bayansa da itacen nan sai ido ya rufe.

Mafarkin dai shi ne na kullum, wanda yake yi tun yana ɗan firamare. Fili ne fetal, ba gida ba itace. Wata mace na tafe a gabansa da baƙin lulluɓi, ba ya ganin fuskarta, sai diddigenta da suka tsattsage. Tana waƙa can ƙasa-ƙasa da wani harshe da bai sani ba. A cikin mafarkin yana fahimtar kowace kalma, da ya farka kuma sai su zube, ya rage da muryar kawai. Yana bin ta ba ya cim mata, ita kuma ba ta yi masa nisa.

Yau sai ta rage tafiya. Ta fara juyo da wuyanta.

"Yaya Abdu."

Bai farka ba.

"Yaya Abdu, tashi. Kai da ka neman mulkin ƙasa duka, ga barci ya yi ma juyin mulki tun ba a kai ko'ina ba."

Fiddausi ce, ƙanwarsa, sanye da farin kayanta na asibiti, don daga wurin aiki ta biyo. Ya buɗe ido yana kallonta kamar daga rijiya aka jawo shi.

"Na sake ganin ta," ya ce.

"Matar mafarki? Shekara hamsin tana tahiya, har yau ba ta isa ba?"

"Yau ta kusa waigowa."

"To ta dakata tukuna. Kotu na tashi da azahar, Inna ko mayahi ba ta ɗauka ba."

Ya ɗaga kai ya bi dabinon da kallo har ƙarshe. Mahaifinsu, marigayi Malam Tukur, ma'aikacin gandun daji ne, yana kuma da wata al'ada tasa shi kaɗai: duk ɗan da aka haifa masa, ranar da cibiyar jaririn ta faɗi sai ya karɓe ta, ya haƙa rami a tsakar gida ya binne ta tare da iri. Na Fiddausi lemun tsami ne, shi ya sa Abdulrazak ke cewa daga nan ta samo baki. Dabinon kuwa na ɗan fari ne. Duk fastar da aka manna daga Bodinga har Abuja hotonsa ne a jikin wannan itace, an rubuta a ƙasa: Ga inda aka binne cibiyata.

Inna Kulu na zaune a ƙofar ɗakinta tana tsinkar zogale a faranti. Ta ba dabinon baya, kamar yadda ta saba.

Ita fa Inna Kulu sananniya ce a unguwar, ba don komai ba sai don rashin kunyar ɗan fari. Ku da kanku kun san yadda abin yake a ƙasarmu: uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ko faɗuwa ya yi sai ta kau da kai wata ta ɗaga shi. Ita kuwa tun yana cikin zane take goya shi har kasuwa, ta cika baki ta ce Abdulrazak, kowa na ji. Matan unguwa sun yi gulma har bakinsu ya gaji, surukarta ta yi faɗa har ta bar duniya, Kulu ba ta fasa ba. Shi kuma ya tashi yana taƙama da abin, wai son da ake masa ya fi ƙarfin al'ada.

Ya durƙusa a gabanta.

"Inna, mota na waje."

"Ta huta, ta sha hanya."

"Kotu za mu."

"Na ji tun jiya, Abdulrazak."

"Abu guda za ki yi. Ki aza hannu ga Alƙur'ani ki ce ke kinka haihe ni, a buga hatimi, mu komo gida. Ko furarki ba ta tsami ba."

Ta ci gaba da tsinka. Ganye ɗaya, ganye biyu.

"Maimaita mini abin da lauyan ga naka yac ce."

"Bashar? Ya ce doka ba ruwanta da wurin da anka haihi mutum. Ko Makka anka haihe ni, in dai uwa ko uba ɗan ƙasag ga na, ina iya tsayawa. Wanda anka haifa nan gida ma sai an ga uwa ko uba ko kaka ɗan ƙasa. Ke ɗiyar Kajiji ta, Baba ɗan Bodinga na. Magana ta ƙare."

"Ashe ba ƙasa su ka tambaya ba," ta ce a hankali. "Ciki su ka tambaya."

"Haka na."

"To ba ni rantsewa."

Fiddausi ta yi dariya, irin dariyar da ake yi don a kashe magana.

"Inna, tsoron siyasa na? Wallahi ni ma ba ni son ta. Amma wanga ai gaskiya kawai za ki hwaɗi."

"Gaskiya na hwaɗi. Ba ni rantsewa."

"Inna," Abdulrazak ya ce. "Jibi da tsakar rana in takardag ga ba ta kai Abuja ba, an cire sunana. Shekara goma ina gina abin ga. Mutane sun bar aikinsu sun biyo ni. Ke kic ce mini in tahi, Allah shi ba ni sa'a."

"Ni nic ce. Yanzu ma ina cewa."

"To mi af faru?"

Ta aje farantin. Ta goge hannuwanta da bakin zane, yatsa bayan yatsa, kamar mai shirin karɓar baƙo.

"Tun ina ɗiyar shekara bakwai ni ka alwalla. Na yi ma Allah laihi kala-kala, na sani, amma ban taɓa aza hannu ga Littahinai na yi ƙarya ba. Ba ni hwarawa da hurhura ga kaina."

Wata kurciya ta sauka a kan katanga ta yi kuka biyu ta tashi. Abdulrazak ya ji kamar tsakar gidan ta ɗan karkace. Ya dafa ƙasa.

"Ƙarya? Wace ƙarya?"

"Zan tambaye ka abu guda, ka yi tunani kahin ka amsa. Tun da kay yi wayo, ka taɓa ganin na zamna inuwar iccen can?"

Ya waiga wajen inuwar.

"Ka taɓa jin na kira sunanai?"

Fiddausi ce ta fara ganewa. Ta zame ta zauna daɓas a ƙasa da farin kayanta. Wallahi haka ne. A gidan nan Inna na cewa lemo, tana cewa mangwaro, amma wancan sai dai ta ce na bayan rijiya. In ya yi ƴaƴa kowa na ci, ita ba ta taɓa kai ko ɗaya bakinta ba, ta ce haƙori ne. In za ta ban ɗaki sai ta zagaya ta bayan rumbu, hanya mai nisa, don kada ta bi ta gabansa. In aka yi baƙi aka shimfiɗa tabarma a inuwarsa, ita daga nesa take gaisawa, kanta a sunkuye. Shekara hamsin suna gani, ba wanda ya taɓa haɗa biyu da biyu.

"Matan unguwa sun ce ba ni da kunyar ɗan hwari," Inna Kulu ta ce, ba ta waiga ba. "Ina da ita. Ba wadda tat tsare ta awa ni duk garin ga. Ɗana na hwari shina can bayana."

Ni Sakina da nake ba ku labarin nan, sai da na aje wayar na sha ruwa a wannan wuri.

"Inna, ki yi mini magana yadda zan gane," ya ce. Muryar ta koma ta yaro ƙarami.

"Shekarar yunwa ta. An kai ni goyon ciki gidanmu, tungarmu ta bayan Kajiji. Na haihu ɗa namiji. Kwana biyat cibiya taf faɗi, babanku yaz zo bisa keke yak karɓe ta, yak komo nan yab binne ta da ƙwallon dabino, shina murna. Yac ce sai ran suna, shi da dangi da rago."

Ta ci gaba.

"Kwana shidda da hantsi yaron yak koma. Ko kuka bai yi ba. Babana yak kai shi bayan gari shi kaɗai, don tungar duk ta watse, kowa ya tahi neman abin da za shi ci. Nono na zuba gare ni har zane shi jiƙe, ba mai sha."

"Ni fa?"

"Kai da la'asar anka kawo ka. Kande ungozoma tak kawo ka cikin wani baƙin ƙyalle, ba ka ko iya kuka don yunwa. Tac ce in ba ka nono, don Allah, kwana biyu kawai. Na aza ka ga ƙirji, ka kama awa ka san ni."

Hawaye ya gangaro mata, ba ta share ba.

"Wanshekare tun da sahe sai ga babanku da mutanen Bodinga da rago da goro. Sunka iske ni da jinjiri ga hannu. Innata tad dube ni, nid dube ta. Ba wadda tay yi magana. Liman yar raɗa suna, anka yanka rago, anka aske ka. Ban ce kai nawa na ba, Abdulrazak. Ban dai ce ba nawa na ba."

"Baba ya sani?"

"Kana shekara ukku nih hwaɗa mai. Ya wuni zamne gindin iccen can, bai ci ba bai sha ba. Da magariba yat taso yad ɗauke ka yas saɓa ga kahwaɗa, yac ce mini kar shi sake jin maganag ga har shi mutu. Bai sake ji ba."

Abdulrazak ya juya ya dubi dabinon. Iska na kaɗa ganyensa a hankali, inuwar na yawo bisa tabarmar da ya tashi daga kai. Tun yana yaro yake zuba masa ruwa, yake ba shi labari, ranar da ya ci jarrabawa shi ya fara runguma. Ashe duk shekarun nan wansa yake yi wa hidima, wan da bai ko samu suna ba. Ya ji tausayin jaririn, ya ji tausayin kansa, ya rasa wanne ya fi.

"Wa yah haihe ni?"

"Wanga ba ni ka hwaɗinai ba. Nawa na hwaɗi."

"Inna, don girman Allah."

"Kande na da rai. Tashi mu tahi, yanzu na ɗauki mayahi."

*

Fiddausi ce ta karɓi tuƙin. Suka bar Bodinga suka miƙa kudu. Gero ya yi kore shar dama da hagu, gajimare na bin su a sama, rana ta fito ta koma, ta fito ta koma. Shi dai yana jingine da gilashi, bai san ko idonsa biyu ba ko barci yake. Duk macen da suka wuce da tulu ko ƙwarya a kai sai ya bi diddigenta da kallo.

A Shagari wasu matasa ƴan kabu-kabu suka gane motar, suka biyo ta suna ɗaga hannu suna kiran mai dabino, mai dabino. Ga fastocinsa jere a jikin shaguna, yana murmushi ya dafa itacen. Ya zame cikin kujera ya rufe fuska da hula.

Wayarsa ta yi ƙara. Lauya Bashar. Ya kife ta.

"Yaya," Fiddausi ta ce, idonta na kan hanya. "Nonon da kas sha shi nis sha. Ko kotun duniya duka ta taru ba ta cire wanga."

Ya miƙa hannu ya dafa kafaɗarta.

Bayan Kajiji suka sauka daga kwalta suka bi hanyar ƙasa, har inda laka ta ce mota ta tsaya nan. Suka taka da ƙafa ta cikin gona. Geron ya fi su tsawo, ba ka ganin komai sai ganye da ɗan siririn sama. Inna Kulu ce a gaba, ta rufa da mayafinta mai duhu, tana tafe a hankali. Yana bin ta a baya, sai ya ga ya san wannan tafiyar. Sai dai diddigen Inna sumul suke da lalle.

Tungar gida huɗu ce da rumbuna. Rabonsa da ita tun rasuwar kakarsa, shekara talatin da wani abu. Suka yi sallama a gidan ƙarshe.

Kande ungozoma na kwance a rumfa bisa buzu, ta tsufa ta ƙanƙance, idanun sun yi fari. Da ta ji muryar Kulu sai ta yunƙura ta zauna.

"Kulu ta? Ke da wa?"

"Ni da Fiddausi. Da shi."

"Shi wa?"

"Shi dai, Gwaggo."

Tsohuwar ta miƙo hannu.

"Matso, ɗan ga."

Ya durƙusa. Mutumin da gwamnoni ke tashi tsaye in ya shigo, ga shi wata tsohuwa na lalube masa fuska kamar mai zaɓen ƙwarya a kasuwa. Ta shafa goshi, ta shafa hanci, ta tsaya a kunnen hagu inda yake da ɗan lanƙwasa.

"Kunnen ga na san shi. Ni nif fara wanke shi. An ce kai ka son zama sarkin ƙasa duka?"

"Haka anka ce, Gwaggo."

"To Allah shi kyauta. Kulu, kin hwaɗa mai ke nan."

"Sun ce in rantse."

"A'a. Ba a rantsuwa."

"Gwaggo," ya ce, "wa yah haihe ni?"

Kande ta lumshe fararen idanunta, ta shiga magana kamar mai ba da labarin mafarki.

"Shekarar mutanen arewa, na ƙetaren iyakar ƙasa, sunka yi ta kwararowa. Dabbobinsu sun mutu, rijiyoyinsu sun ƙahe. Kullum sai ka ga ayari, ba raƙumi ba jaki, ƙahwa kawai. Ran nan na tahi neman icce sai nij ji nishi gindin wata aduwa. Yarinya ta, ita kaɗai, ayari ya wuce ya bar ta. Mijinta ya mutu ga hanya, daga baya nis sani. Ba ta jin Hausa, ban jin nata. Nan gindin aduwa nik karɓe ka."

"Nan ƙasag ga ke nan," Fiddausi ta yi saurin cewa. "Nan anka haihe shi."

"Nan na, ɗiyata. Amma an ce ba shi su ka tambaya ba."

Ashe tsohuwa na jin rediyo.

"Kwana ukku tana aza ka ga nono, ba ko ɗigo. Yunwa ta shanye shi. Ita kanta zazzaɓi ya kama ta, ba ta san inda take ba. Shi na nid ɗauke ka nik kai ma Kulu. Aro na, ɗan ga. Wallahi aro nik kai ka."

"Ta mutu ke nan," ya ce. Ba tambaya ya yi ba, roƙo ne. Kuma ya ji kunyar kansa da ya gane abin da yake roƙo, don mamaciya ba ta da gari, ba wanda zai tambaye ta ƴar ina ce.

Kande ta kau da kai.

"Gwaggo, ta mutu?"

"Wata guda tay yi kwance. Da tat tashi, nik kama hannunta nik kai ta bakin darni tal leƙa. Tag gan ka ga bayan Kulu, ka yi ɓul-ɓul, an yi ma suna, kana da uba mai albashi. Ta daɗe tsaye. Sannan tad dawo tad ɗauki taɓarya tas shiga yi mini daka."

"Daga nan ina tat tahi?"

"Wa yac ce ta tahi?"

A daidai nan ne ya ji ta.

Daga bayan darnin kara take fitowa, tare da ƙarar tsintsiya. Murya ce ta tsufa, ta dushe, tana hawa tana sauka can ƙasa-ƙasa. Ba Hausa ba ce, ba Fillanci ba. Amma ya san inda za ta lanƙwasa kafin ta lanƙwasa, ya san inda mai ita za ta ja numfashi. Ya dubi hannuwansa, ya dubi rumfar, ya dubi Fiddausi.

"Kina ji?" ya ce.

"Ina ji, Yaya."

"Ashe idona biyu."

"Duk hutun da anka kawo ka wurin kakarka," Kande ta ce, "in ka yi barcin rana cikin rumfa, sai ta zo bayan darni ta zamna ta yi ma ita. Ba ta taɓa yarda ka farka ka gan ta ba."

Sai ga shi ya tuno. Amina Bebiya. Doguwar matar gidan Kande da ba ta magana da kowa, wadda take tura masa ƙoƙon nono ta ƙarƙashin darni. Shi da yaran tungar sukan bi ta rijiya suna tsokana, suna kwaikwayon bebantaka, shi ne ma kan gaba don shi ɗan birni ne. Ita kuwa sai dai ta tsaya ta kau da fuskarta har su gaji. Wannan tunawa ta fi duk abin da ya ji yau ciwo.

"Ba bebiya ba ta," Kande ta ce. "Ta koyi Hausa tsab. Tsoro ta ka yi kar harshenta shi tona asirin ɗanta, shi na tar rufe baki. Ni kaɗai ta ka yi ma magana."

Tsintsiya ta tsaya. Waƙar ta tsaya.

Ta fito ta ƙofar darnin a sunkuye, da baƙin lulluɓi da ya koɗe. Bai iya duban fuskarta ba, ƙafafunta ya fara gani. Diddigen sun tsattsage.

Inna Kulu ta tashi da ƙyar, ta je ta kama hannun matar, ta jawo ta har gabansa.

"Amina, ga aronki na maido. Ki yahe mini jinkiri."

Matar ta girgiza kai. Ta zauna nesa kaɗan, ta juya gefe, ta kau da fuskarta daga gare shi. Fiddausi ta toshe baki da mayafi, don ta gane zaman: kunyar ɗan fari ce.

Ta sa hannu a wuyanta ta ciro wata ƴar laya ta fata, ta yi baƙi don daɗewa. Ta aje ta a ƙasa, ta tura ta da yatsa har gaban gwiwarsa. Da ta yi magana, da Kande take yi, ba da shi ba, Hausarta kuma na da wani karkaci da bai taɓa ji ba.

"Ki ce ma yaron ga, cibiyatai ta, wadda kinka aje mini. Ba a binne ta ko'ina ba. Na ce sai na koma gida in binne ta ga ƙasar ubanai, ban koma ba."

Ya ɗauki layar. Ba ta da nauyin komai. Ya rufe ta a tafin hannunsa.

Wayar ta sake ɗaukar ƙara a aljihunsa. Fiddausi ta zaro ta ta duba.

"Bashar na. Ya turo saƙo, ya ce alƙali ya yarda shi jira har la'asar. Ya ce sunan uwa da garinta kawai za a cika, sai rantsuwa."

Abdulrazak ya ja gwiwa ya matsa kusa da matar, har yana jin ƙamshin hayaƙi a lulluɓinta. Ya nemi abin da zai kira ta da shi ya rasa, don Inna guda ya sani.

"Ke ɗiyar ina ta?" ya ce.

Ba ta waigo ba.

"Kande, ki ce mai ina jin rediyo, na san abin da shi ka nema. Shekara hamsin na yi shiru don shi ci gaba, ina iya ƙarasa sauran. In shina so, in koma bayan darni, ba wanda yag gan ni."

Ta ja numfashi.

"In ko shina son sunan garinmu da sunan ubanai, yanzu in hwaɗa mai. Amma shi sani, in na hwaɗi, kujerag ga ta tahi."

Wayar na ta ƙara a hannun Fiddausi.

A hankali, a karon farko cikin shekara hamsin, matar ta juyo da fuskarta ta dube shi.

"In hwaɗi?"